Tarihin Agner Erlang, masanin lissafin cunkoson layukan tarho

An haifi Agner Krarup Erlang ne a ranar 1 ga watan Janairun 1878, a ƙauyen Lonborg da ke yankin Jutland na ƙasar Denmark. Mahaifinsa malamin makaranta ne, kuma a hannunsa ya fara karatu.

Yana da shekara 14 ya ci jarrabawar share fage ta Jami'ar Kopenhagen, bayan da aka ba shi izini na musamman saboda ƙarancin shekarunsa. Ya kammala digirinsa a fannin lissafi a 1901, sannan ya shafe shekaru bakwai yana koyarwa.

Aikin tarho

A shekarar 1908 ne kamfanin tarho na Kopenhagen ya ɗauke shi aiki, bayan ya haɗu da babban injiniyan kamfanin, Johan Jensen.

Matsalar da kamfanin ke fuskanta a lokacin ita ce sanin yawan layukan da zai shimfiɗa. Idan sun yi kaɗan, masu kira za su riƙa tarar da layi a cushe. Idan kuma sun yi yawa, an yi asarar kuɗi a kan wayoyin da ba a amfani da su.

Erlang ya fara ne da aunawa. Ya bi diddigin yadda kira ke shigowa da tsawon lokacin da kowane kira ke ɗauka, kuma a wasu lokutan yakan shiga ramukan wayoyi na titunan birnin da kansa domin gwaji.

A 1909 ya wallafa bincikensa na farko, inda ya nuna cewa duk da ba wanda ya san lokacin da wani zai ɗaga tarho, jimillar kiran jama'a tana bin ƙa'idar da za a iya lissafawa. A 1917 kuma ya fitar da ƙa'idojin gano yawan kiran da zai faɗi, da tsawon jiran da masu kira za su yi.

Alal misali, idan a kowane lokaci ana samun kimanin mutum 10 a kan waya, layi 10 ba za su wadatar ba, domin kusan kira 21 cikin 100 zai faɗi. Sai an kai layi 18 kafin adadin ya koma ƙasa da ɗaya cikin 100.

Hukumar gidan waya ta Birtaniya na cikin waɗanda suka rungumi wannan lissafi.

Bayan rasuwarsa

Erlang bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Kopenhagen ranar 3 ga watan Fabrairun 1929, bayan an yi masa tiyata a ciki, yana da shekara 51.

A 1946 aka sanya sunansa ga ma'aunin cunkoson tarho na duniya. Erlang ɗaya na nufin layi guda da ya cika awa ɗaya cur yana aiki.

Haka kuma a 1986 kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro wani harshen rubuta manhaja mai suna Erlang, wanda daga baya WhatsApp ya gina tsarinsa a kai.

Manyan cibiyoyin kwamfuta da ke ɗauke da ayyukan bankuna da shafukan intanet na fama da irin matsalar da ya warware, sai dai buƙatun masu amfani da intanet ne suka maye gurbin kiran tarho. Injiniyoyinsu kan sa ido a kan yawan buƙatun da ke shigowa da lokacin amsa su, domin lissafin Erlang ya nuna cewa da zarar na'ura ta kusa cika maƙil, jiran yakan yi tashin gwauron zabi. Dalili ke nan suke barin sarari, su kuma ƙara na'urori tun kafin cunkoso ya durƙusar da aiki.