Sandor Rado, likitan da ya raɗa wa wani irin hali suna

An haifi Sandor Rado a shekarar 1890 a garin Kisvarda na ƙasar Hungary. Ya karanta aikin likita a Budapest, inda ya shiga sahun mabiya Sigmund Freud, har ya zama editan babbar mujallarsu a Berlin. A 1931 ya ƙaura zuwa New York domin jagorantar horar da masu wannan fanni.

A Amurka ne ya fara saɓa wa malaminsa. A ganinsa, nazarin tunanin ɗan Adam ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ya jingina da ilimin halittar jiki. Abokan aikinsa ba su ji daɗin haka ba, shi kuwa ya koma Jami'ar Columbia ya shugabanci sabuwar cibiyar horarwa.

A 1953 ya ƙirƙiro kalmar sikizotayif domin mutanen da yake ganin sun gaji asalin cutar taɓin hankali ta sikizofireniya, amma da yawansu sukan ƙare rayuwarsu ba ta kwantar da su ba. Abu biyu ya ɗauka a matsayin tushe: ƙarancin jin daɗin rayuwa, da rikicewar yadda mutum yake jin jikinsa. Paul Meehl ya faɗaɗa wannan tunani a 1962.

Rado ya rasu a New York a 1972, shekara takwas kafin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya amince da larurar a 1980. A yau kundin yana neman alamomi biyar daga cikin tara, waɗanda suka faro tun tashin ƙuruciya. Daga ciki akwai ɗaukar al'amuran yau da kullum kamar da mutum ake nufi, yawan zargi, baƙuwar magana da shiga, rashin aminai in ban da dangi na kusa, da fargabar shiga jama'a wadda sabo ba ya rage ta. Akwai kuma baƙon imani, sai dai an gindaya masa sharaɗi mai muhimmanci: dole ya saɓa wa abin da al'ummar mutum ta yarda da shi. Saboda haka wanda ya gaskata da aljanu a inda kowa ya gaskata bai cika wannan sharaɗi ba.

Daga tushe biyun da Rado ya kafa, rikicewar jin jiki ta samu gurbi a jerin. Ƙarancin jin daɗi kuwa, wanda ya ɗora wa nauyi sosai, bai shiga cikin alamomin tara ba.