Satchel Paige, Gwanin Jifa

Kai mai karatu, ka san yadda yaran Damagaram ke jifar tsuntsu a gonar hatsi. To, a Amurka jifa sana'a ce. Suna da wani wasa, besbol: wani ya jefa ƙwallo, wani ya doke ta da sanda.

An haifi Satchel Paige a jihar Alabama cikin 1906. Baƙar fata ne, ɗan talakawa. Tun yana yaro ya ƙware a jifa da dutse. A 1918 aka kai shi gidan horon yara. Can wani malami ya koya masa ɗaga ƙafa sama, ya sa nauyin jikinsa duka cikin jifa.

Ya yi suna, amma wariyar launin fata ta hana shi shiga manyan ƙungiyoyin Turawa. A 1938, bayan shekaru yana jifa ba hutu, hannunsa ya mutu, ko ɗaga shi ba ya iyawa. Ya rage jifa, ana yi masa tausa da gashi, har ƙarfi ya dawo. A 1948 ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi, yana da shekara 42. Ya rasu a 1982.

In ɗanka yana koyon jifa, ka riƙa sa shi hutawa. Hannu ma yana gajiya.