SARDAUNA DA MAKARANTAR INJINIYOYI

Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, amma shi ne ya kafa jami'ar da ta fara yaye injiniyoyi a ƙasar Arewa. Ta wannan fuska nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai tarihinsa, domin mu mutanen Talata Mafara mun ga abin da aikin injiniya yake gyarawa, mun kuma ga abin da yake ɓatawa.

An haife shi a Rabah cikin 1910. Mahaifinsa shi ne hakimin garin, kuma gidansu gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Ya yi karatu a Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Katsina, ya gama a 1931. Ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah bai ba shi ba. Sai aka ba shi sarautar Sardauna, aka turo shi Gusau ya duba gundumomin gabas.

A ganina zaman Gusau ya buɗe masa ido ƙwarai. Gari ne na jirgin ƙasa, inda ake tara gyaɗa da auduga ana kai su bakin teku. Manomi ya noma, amma hanyar da kayan za su bi, da gadar da za su ƙetare, da injin gurzar auduga, duk aikin baƙi ne. Da ya zama Ministan Ayyuka na Jihar Arewa a 1952, sai ya tarar haka abin yake a ko'ina. Manyan injiniyoyin ma'aikatarsa Turawa ne, na ƙasa da su kuwa yawancinsu mutanen Kudu ne. Ga mulkin kai yana ƙaratowa, to wa zai riƙe aikin idan Bature ya naɗe kayansa?

Ya zama Firimiya a 1954. Gwamnatinsa ta kafa masaƙar Kaduna a 1957, da Bankin Arewa, ta kuma yi ta tura samari karatu Ingila. Amma tura mutum biyar ko goma ba zai wadatar da jiha mai faɗin Arewa ba. Saboda haka ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi ne kuma ubanta na farko. Tun ranar farko akwai sashen koyon aikin injiniya a cikinta, wanda ta gada daga tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya. Can ɗalibi yake koyon lissafi mai zurfi, da awon ƙasa, da sanin nauyin da ƙarfe da siminti za su iya ɗauka, da yadda ruwa yake gudu a cikin lambatu. Gwanin gini na gida yakan yi aiki da abin da ya saba gani, shi kuwa wanda ya yi wannan karatu yana iya lissafa ƙarfin gadar da ba a riga an aza tubalinta ba, ya faɗi kuɗin da za ta ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne an haɗa tashar binciken aikin gona ta Samaru da jami'ar. Wato mai koyon gina madatsar ruwa da mai nazarin dawa da auduga suna inuwa ɗaya.

Sardauna bai daɗe yana ganin 'ya'yan itacen da ya dasa ba. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu 1966, jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba.

Shekara takwas bayan rasuwarsa babban aikin injiniya ya zo ƙofar gidanmu. Tun 1969 masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa a nan, a bi abin sannu a hankali, kada a birkita noman da aka saba. Ba a bi wannan shawara ba. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, mai riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tafki, domin a yi noman rani a kadada wajen 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Ta fuskar gini, aiki ya yi kyau, ga shi nan tsaye har yau, ana noma shinkafa da ruwansa. Amma ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, dubban magidanta suka tashi, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Mutanen da ke ƙasan gulbi kuma suka rasa ambaliyar da take jiƙa musu fadama kowace shekara. Cikin Afrilu 1980 manoma suka tare hanyoyin wurin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa.

Ni dai ina ganin da waɗanda suka zana aikin sun tashi a bakin gulbin nan, sun san abin da fadama take ga talaka, da lissafinsu ya haɗa da ita. Irin waɗannan injiniyoyi Sardauna ya buɗe Zariya domin a samu, amma lokacin da aka ba da kwangilar Bakolori ba su yi yawan da za a saurare su ba. Sai a 1992 aka kafa kwalejin fasaha a nan Talata Mafara, wadda daga baya aka sa wa sunan Injiniya Abdu Gusau, ɗan wannan yanki, wanda shi ma ya taɓa kula da gine-ginen jami'ar Sardauna a Zariya.