Imam Gazali: malamin da harshensa ya ɗaure a gaban ɗalibai 300

In aka yi maganar tuba, hankalin yawancinmu yana zuwa kan ɓarawo ko mashayin giya. Bawan Allahn da za mu kawo muku tarihinsa yau bai yi sata ba, bai sha giya ba, hasali ma a zamaninsa babu malamin da ya kai shi suna a Bagadaza. Duk da haka ya tuba, kuma tubar ta raba shi da kujerarsa.

Sunansa Abu Hamid Muhammad ɗan Muhammad al-Gazali. An haife shi a shekara ta 1058 miladiyya a Ɗus, cikin yankin Kurasan, ƙasar Iran ta yau. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini al-Juwaini, babban malamin mazhabar Shafi'iyya. Da malamin ya rasu a 1085, sai Gazali ya koma fadar waziri Nizamul Mulk, inda malamai ke taruwa suna muhawara. A can ya yi fice, har a 1091 waziri ya ba shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara 33 kacal. Ɗalibai kamar 300 ke zama gabansa, kuma har fadar halifa ana neman fatawarsa.

To a nan ne ciwon ya kama shi. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Ya zauna ya binciki niyyarsa, sai ya tarar ba don Allah yake koyarwa ba, don suna ne da girma a idon jama'a. Ya gane cewa in ya mutu a haka ya halaka. Amma gane ciwo daban, shan magani daban. Da safe ya ƙudurta zai bar Bagadaza, kafin la'asar son matsayi ya dawo da shi. Wata shida ya yi a haka, tun daga watan Rajab na shekara ta 488 hijiriyya, wato 1095. Daga ƙarshe harshensa ya ɗaure: ya zo zai ba da darasi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Abinci ma ya daina shiga. Likitoci suka duba shi, suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba maganinsu ba ne sai damuwar ta yaye.

A ganina wannan wata shidan ya fi komi muhimmanci a rayuwarsa. Mu da ke aikin rediyo mun san daɗin a gane muryarka a kasuwa, mun kuma san yadda daɗin yake shiga mutum bai sani ba. Mai satar akuya kowa zai ce masa ya daina. Mai son a yabe shi kuwa, jama'a ce ke tafa masa.

A watan Zulƙida ya fita. Ya nuna wa mutane hajji za shi, alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su tsare shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi ƴaƴansa, ƙaninsa Ahmad ya hau kujerar koyarwa. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallacin Umawiyyawa ya rufe ƙofa ya wuni yana zikiri. Daga nan ya tafi Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (AS) a Halil, inda ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai ƙara shiga muhawara ba. Ya yi hajji a 1096, daga baya ya koma Ɗus.

Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littattafai 40 a kashi huɗu. Kashi na uku kan cututtukan da ke halaka zuciya ne, irin su hassada, riya, girman kai da son mulki. Kashi na huɗu, na abubuwan da ke tsirar da bawa, da tuba ya buɗe shi. A wurinsa tuba abu uku ce a jere: sanin cewa zunubi guba ne, nadamar da sanin ke haifarwa, sannan aiki, wato barin laifin yanzu, ƙudurin ba za a koma ba, da gyara abin da aka ɓata, har da mayar wa mutane hakkinsu.

Littafin bai tsira daga suka ba. A Andalus an ƙone shi zamanin Murabiɗun, kuma malaman hadisi sun nuna akwai hadisai masu rauni a ciki, abin da ya sa Hafiz al-Iraƙi ya bi su yana tantancewa. Amma ya ƙetaro Sahara, malaman Sakkwato sun amfana da shi, har yau kuma ana karanta shi a zaurukan malamai daga Agadas zuwa Kano.

A 1106, bayan kusan shekara 11 yana keɓe, waziri Fakhrul Mulk ya matsa masa ya koma koyarwa a Naisabur. Ya koma, amma bai daɗe ba ya dawo Ɗus, wajen ƴar makarantar da ya kafa kusa da gidansa. A can Allah ya yi masa cikawa a watan Disamba na 1111, yana da shekara 53. Allah ya jiƙansa da rahama.