Ronald Ross: Likitan da ya gano sirrin sauro

An haifi Sir Ronald Ross ranar 13 ga watan Mayun 1857 a Almora, wani ƙaramin gari da ke kan duwatsun arewacin Indiya, lokacin da mahaifinsa ke aikin soja a ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

Ya yi karatun likita a Landan, sannan ya shiga hukumar likitocin Indiya a 1881.

A wancan zamani jama'a da dama sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iskar fadama ce ke haddasa zazzaɓin maleriya.

Ranar 20 ga watan Agustan 1897, a garin Secunderabad, Ross ya feɗe wani sauro da ya sha jinin majinyaci, ya kuma ga ƙwayar cutar a cikinsa. Wannan bincike ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1902.

A 1899 ya jagoranci wata tawagar likitoci daga Liverpool zuwa Freetown, babban birnin Saliyo, inda zazzaɓi ke hallaka Turawa matuƙa.

Ross ya fi mai da hankali kan cike kududdufai da share magudanan ruwa domin hana sauro hayayyafa, aikin da zai amfani kowa da kowa.

To amma hukumomin mulkin mallaka sun fi karkata ga wata shawarar da likitoci suka bayar, wato a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa.

Ta haka aka gina unguwar Hill Station a kan tsaunin da ke bayan Freetown, aka buɗe ta a 1904, aka kuma shimfiɗa layin dogo na musamman domin kai ma'aikata Turawa ofis da komo da su.

'Yan ƙasa, waɗanda aka bari a cikin gari tare da sauron, sun nuna ɓacin ransu. An daina amfani da layin dogon a 1929.

Irin wannan tunani ne ya haifar da unguwannin Turawa, waɗanda daga baya aka sani da GRA, a biranen Najeriya kamar Kaduna da Kano.

Ross ya shafe shekaru yana jayayya da masanin nan ɗan Italiya, Giovanni Grassi, kan wanda ya cancanci yabon binciken.

Ya mutu a Landan ranar 16 ga watan Satumbar 1932. Ana tunawa da shi duk ranar 20 ga Agusta, wato Ranar Sauro ta Duniya.