Charles Bell, Likitan da ya Binciko Jijiyoyin Fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, likita kuma yakan tambayi fuska labarin cuta, in ya ga baki ya karkace ko ido ya ƙi rufuwa. Mutumin da ya yi wa likitocin zamani jagora ga wannan karatu shi ne Charles Bell, wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotlan, wanda har yau da sunansa a ke kiran shanyewar ɓarin fuska a asibitocin duniya.

An haife shi a birnin Edinbara cikin watan Nuwamba 1774. Ubansa limamin coci ne, ya kuwa rasu cikin 1779, ya bar uwar da 'ya'ya maza huɗu, ga rashin wadata. Ita ce ta fara koya wa Charles karatu, ta kuma ƙarfafa masa zuciya ga zane. Da ya tasa sai ya shiga hannun wansa John, wanda ya ke likitan fiɗa ne mai koyar da ginin jikin ɗan Adam. Nan ya haɗa sana'a biyu, wuƙar fiɗa da alƙalamin zane, har ya zamana abin da ya feɗe da safe ya zana shi kafin dare. Amma rigima ta tashi tsakanin John da manyan likitocin birnin, ƙofar babban asibiti ta rufe musu. Saboda haka cikin 1804 Charles ya yi ƙaura zuwa Landan.

Cikin 1806 ya buga wani littafi domin masu zanen hoto, inda ya nuna musu tsokar da ke aiki sa'ad da mutum ya ke dariya, da wadda ke aiki in ya murtuke, ko ya tsorata, ko ya fashe da kuka. Yaƙi kuma ya ƙara masa gani. Cikin 1809 ya yi jinyar sojojin Ingila da a ka kwaso da raunuka daga Koruna ta ƙasar Sifen, cikin 1815 kuwa, da ya ji labarin yaƙin Waterloo, ya haye zuwa Baljiyam ya yi ta fiɗa dare da rana. Da yawa daga waɗanda ya yi wa aiki ba su tashi ba, gama a zamanin nan ba a san maganin sa barci ba, ba a kuma san ƙwayoyin cuta ke ruɓar da rauni ba. Hotunan raunukan da ya zana suna nan a ajiye har yanzu.

Abin da ya fi damunsa wata tambaya ce. Jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, watau masu kai saƙo kamar wayar tangarahu, biyu-biyu su ke, dama da hagu, har kashi 12. Biyu daga cikinsu, ta biyar da ta bakwai, duk fuska su ka nufa. To, me ya sa a ka ja waya biyu zuwa gari ɗaya? Likitocin lokacin sun ɗauka kowace jijiya aikin ji da na motsi duka ta ke yi. Bell ya ce lalle kowace da nata.

Cikin 1821 ya kai wa babbar ƙungiyar masana ta Landan bayanin gwajin da ya yi kan jaki. Da a ka yanke jijiya ta bakwai a gefe ɗaya, sai ƙofar hancin wannan gefe ta daina motsi, jakin kuwa bai nuna wani jin zafi ba. Da a ka taɓa reshen ta biyar sai ya zabura don azaba. Amfanin wannan ya bayyana nan da nan. Akwai wani mugun ciwon fuska mai fizga kamar walƙiya, wanda wasu likitoci kan yanke jijiya ta bakwai wai don su kashe shi. Sai majinyaci ya tashi da karkataccen baki, ga ciwonsa yana nan, domin ta biyar ce mai ɗauke da zafin.

Amma fa Bell bai gane abin duka ba. Ya zaci ta bakwai aikinta numfashi ne da nuna halin zuciya kaɗai. Wani tsohon almajirinsa, Herbert Mayo, shi ya gyara cikin 1822, ya nuna ita ce ke motsa tsokokin fuska, ta biyar kuwa ji ne aikinta, sai tsokokin tauna. A shekarar nan kuma wani Bafaranshe, Magendie, ya tabbatar da cewa jijiyoyin laka saiwarsu ta gaba ta motsi ce, ta baya ta ji. Bell ya ce shi ya riga su, har da ya sake buga takardunsa na dā ya gyaggyara kalmominsu don su dace da abin da a ka gano daga baya. Wannan tabo ne a tarihinsa, masana kuwa su ka raba gardama, su ka haɗa sunansa da na Magendie a kan wannan ƙa'ida. Ko kafin su duka, Razi da Ibn Sina sun riga sun siffanta karkacewar baki cikin littattafansu na Larabci.

Sarki William na Huɗu ya ba shi sarautar Sir cikin 1831. Cikin 1836 ya koma Edinbara ya zama shehun malamin fiɗa a jami'ar da ya yi karatu. Ya rasu ran 28 ga Afrilu 1842 a wani ƙauye kusa da Worcester, yana kan hanyarsa ta zuwa Landan.

Ga abin da ya kamata malamai da ma'aikata su riƙe daga aikinsa. Jijiya ta bakwai tana bi ta wata ƙunƙuntar hanya cikin ƙashin kunne, ta fito ƙarƙashin kunne, ta ratsa wurin nan da ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, sa'an nan ta rabu reshe biyar. In ta kumbura cikin ƙashin nan sai ɓarin fuska ya saki tun daga goshi har haɓa, gira ta ƙi ɗagawa, ido ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba ta gefen baki. Mutanenmu sukan ce iska ce ta mare shi, a tsaya ana turare kwana da kwanaki. Alhali maganin rage kumburi ya fi amfani in an fara shi cikin kwana 3 na farko, idon kuma yana bukatar a ɗiga masa magani a rufe shi da dare don kada ya bushe ya lalace. Yawancin masu wannan cuta sukan warke sarai cikin 'yan watanni. Ruwan kunne da kuturta su ma sukan taɓa jijiyar nan, kowanne da maganinsa.

In kuwa baki ya karkace amma mutum yana iya ɗaga girarsa duka biyu, balle in hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, to abin daga ƙwaƙwalwa ne, watau shanyewar ɓarin jiki. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Duk wanda ya ga haka ga almajiri, ko abokin aiki, ko wani na gida, sai ya garzaya da shi asibiti a sa'ar nan.