Markoni, Yaron da Ya Ƙera Radiyo a Gidan Ubansa

Akwatin radiyon da muke saurara safe da yamma ba a babbar masana'anta aka fara shi ba. A saman soron wani gida ne na ƙauyen Pontecchio, kusa da birnin Bolonya a ƙasar Italiya, cikin ɗakin da a da ake kiwon tsutsar siliki.

An haifi Guglielmo Markoni ran 25 ga watan Afrilu 1874. Ubansa mai gonaki ne, uwarsa kuwa mutuniyar Ailan ce. Bai sami takardar jami'a ba, yawancin karatunsa a gida ya yi shi. A 1894, yana ɗan shekara 20, ya karanta labarin binciken Bajamushen nan Hertz, wanda ya nuna cewa tartsatsin lantarki yana aika wani irin motsi cikin sarari ba tare da waya ba. Masana sun ɗauki abin a matsayin ilmi kawai. Shi yaron saƙo ya hango.

Ya tara waya da batir da kwanon ƙarfe, ya harhaɗa na'ura biyu da hannunsa. Mai aikawa tana tada tartsatsi idan an danna maɓalli. Mai karɓa kuwa ɗan bututun kwalba ne da garin ƙarfe a ciki, dabarar Branly na Faransa: motsin na isowa sai garin ya manne, wuta ta bi, ƙararrawa ta kaɗa. Uwarsa ce ya fara nuna wa. A 1895 ya fita da kayan waje, nan ne ya gano abin da ya ɗaukaka shi: idan aka ɗaga waya ɗaya sama ƙwarai, aka binne ɗaya a ƙasa, saƙo yana ƙara nisa. Da haka ya tsallake wani tudu, tafiyar wajen kilomita 2.

Da bai sami mai tallafa masa a ƙasarsu ba, sai uwarsa ta raka shi Ingila a 1896, inda hukumar gidan waya ta karɓe shi. A 1899 saƙonsa ya ƙetare ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ya ba da sanarwa cewa ran 12 ga Disamba 1901 yana tsibirin Newfoundland ya ji harafin S, wato ɗigo uku, daga Ingila. Har yanzu wasu masana suna shakkar wannan ji. Ya sami lambar Nobel a 1909 tare da Braun. Sa'ad da jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, kiran da ma'aikatan kamfaninsa suka yi ne ya sa aka ceci mutum wajen 700.

Sai dai ba za mu ɓoye ba, a 1923 ya shiga jam'iyyar Musolini, kuma da Italiya ta auka wa Habasha a 1935 ya goyi bayan yaƙin. Mu mutanen Afirka wannan ba abin mantawa ba ne.

Ya rasu a birnin Rum ran 20 ga Yuli 1937. Don girmama shi, tashoshin radiyo da dama suka yi shiru na minti 2.